Ƙananan lambuna na cikin birni a lokacin fitowar fure: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan dai kusan su ne ake ta maimaita min duk shekara da zarar sanyi ya fara ja da baya, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda in huta. Wasu amsoshin sun yi tsawo, a yi haƙuri, wasu kuma layi biyu ne don babu abin ja a cikinsu.

Wai wane lokaci kake nufi in ka ce bazara a nan?

Lokacin nan nake nufi na ƙasashen sanyi, tsakanin fitar hunturu da shigowar zafi sosai, wanda bishiyoyin da suka zubar da ganye suka tsaya kamar busassun itace suke sake tohowa, furanni kuma su fito kusan a tare. A Turai da Amurka ta Arewa da Japan da arewacin Chaina daga Maris ne zuwa ƙarshen Mayu. A kudancin duniya kuwa abin a juye yake, Afirka ta Kudu da Ajantina da Ostareliya nasu yana faɗowa ne daga Satumba zuwa Nuwamba. Kalmar bazara ba ta zauna daram a kansa ba, na sani, amma ita aka saba amfani da ita, to mu tafi a haka.

Me ya sa ƙanana? Ba ga manyan wuraren shaƙatawa da suka yi suna ba?

Manyan suna da kyau ai, ban ce ba su da shi ba. Amma babban wuri yini yake ci, sai ka ware masa rana guda, ka yi ta tafiya har ƙafa ta yi tsami, ƙarshe ka dawo da hotuna ɗari biyu a waya amma in aka ce me ka gani sai ka fara kame-kame. Ɗauki Keukenhof na ƙasar Holan, hekta 32 ne, ana shuka kawunan furanni kusan miliyan 7 duk shekara, kuma wajen mako takwas kawai yake buɗe, don haka duk duniya a tare take zuwa, kafaɗa da kafaɗa. Kuma ba ma a cikin birni yake ba.

Ƙaramin lambu kuwa ba wurin zagayawa ba ne, wurin zama ne. Minti biyar ka gama ganin iyakarsa, sauran lokacin naka ne, ka samu benci ka zauna ka bar wurin ya zo maka da kansa. Wannan ita ce maganata gaba ɗaya gaskiya, wanda ya shiga irin wannan lambu ya ɗau hoto ya fice cikin minti uku bai je ba, leƙawa ya yi.

To in guda ɗaya tal zan gani, wanne?

Tambaya mai wahala, amma ni Paley Park zan ce, a New York, kan titi na 53 a tsakiyar Manhattan. An buɗe shi a 1967, William Paley mai gidan talabijin na CBS ne ya gina shi don tunawa da mahaifinsa. Girmansa wajen murabba'in mita 390 ne, wato bai ma kai yadi 18 na gaban gola a filin ƙwallo ba. In kana sauri za ka wuce shi ba ka sani ba, don tsaga ce kawai tsakanin dogayen gine-gine, ka hau 'yan matakala kaɗan daga bakin titi shi ke nan ka shiga.

Abin da ya sa na zaɓe shi ruwan ne. Bangon ƙarshe gaba ɗayansa ruwa ne ke kwararowa a kai, tsayin kusan mita 6, kuma ƙararsa ita ce dabarar, don da ka zauna sai ka ji hon ɗin motoci da jiniyar 'yan kwana-kwana sun koma can nesa kamar a mafarki, alhali titin yana bayanka taku ashirin. Bangwayen gefe ganye mai yaɗo ya lulluɓe su. Bishiyoyin wurin irin masu ƙananan ganye ne sirara, a bazara in suka fara toho hasken rana yana ratsowa ɗigo-ɗigo a kan duwatsun ƙasa, ba inuwa mai duhu ba. Kujerun kuma ba a kafe suke ba, na waya ne marasa nauyi, kowa ja yake ya kai inda ransa ke so, za ka ga mutum ya zo ya matsar da kujera ɗan taƙi ɗaya kacal sannan ya zauna, matsarwar ba ta canza komai ba amma sai ya ji wurin nasa ne. Na daɗe ina kallon mutane suna wannan abu, har ni ma na kama kaina ina yi.

Furanni ba su da yawa a wurin, a tukwane suke. In fure zalla kake nema ba nan ba ne. Akwai ɗan'uwansa Greenacre Park a titi na 51, na 1971, shi ma da nasa ruwan.

Landan fa? An ce cike take da irinsu.

Haka ne, musamman tsohon ɓangaren birnin inda bankuna suke. Biyu zan ambata.

St Dunstan in the East tsohuwar coci ce tsakanin gadar Landan da Hasumiyar Landan. Babbar gobarar Landan ta 1666 ta taɓa ta, aka gyara, mai tsara gine-gine Christopher Wren ya ƙara mata hasumiya, sai kuma bama-baman Jamus na 1941 suka cinye cikinta suka bar bango da hasumiyar. Maimakon a sake ginawa sai aka mai da kangon lambu, aka buɗe a 1971. Yanzu tagogin nan dogaye masu tsini babu gilashi, ganye ne ke shiga ta cikinsu yana fita, rufin kuma sararin sama ne. A watan Afrilu da Mayu in sabon ganye ya fito kore shar a jikin baƙin dutse, kai, abin sai wanda ya gani. Matsalarsa ɗaya masu ɗaukar hoto sun gano shi, ranar Asabar da rana sai ka yi layi kafin ka samu taga babu mutum a gabanta.

Na biyu Postman's Park, kusa da cocin St Paul's, an buɗe shi a 1880, sunan kuma ya samo shi ne daga ma'aikatan babban gidan waya da ke kusa da suke zuwa hutun rana a ciki. Akwai wata 'yar rumfa a gefe da aka kafa a 1900, mai zane George Frederic Watts ne ya kawo shawarar, an jera allunan tangaran a bango ɗauke da sunayen talakawa da suka rasa ransu wajen ceton wasu, wani a gobara, wani a ruwa, har da yara ƙanana. Kowane allo layi uku ko huɗu ne. Mutane kan shigo suna hira, in suka fara karantawa sai ka ji sun yi tsit.

Wane fure ne ke fitowa a wane wata? Kada in je in tarar da ganye zalla.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce amfani, don bazara ba abu ɗaya ba ce, layi ne furannin ke bi, wannan na sauka wancan na hawa. A yawancin biranen Turai da arewa maso gabashin Amurka ga yadda abin yake tafiya, da ɗan gaba da baya:

Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris ƙananan nan ne na ƙasa-ƙasa irin su kurokus, sai dafodil mai ruwan ɗorawa ya biyo. Tsakiyar Maris zuwa farkon Afrilu magnoliya, itace ne da furensa ke fitowa manya-manya kafin ganye, lambun Palais-Royal a Paris ya yi suna da su. Ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu ceri, itace mai fure fari ko ruwan hoda. Afrilu zuwa farkon Mayu tulif. Ƙarshen Afrilu da Mayu wistiriya mai zubowa daga bango kamar nonon inabi, da lilak da azaliya. Wardi shi ne autansu, sai ƙarshen Mayu da Yuni, sai dai a wurare masu ɗumi irin Roma, inda lambun wardi na birnin da ke gindin tudun Aventino yake buɗewa tun ƙarshen Afrilu, da iri sama da 1,000 a ciki.

Dalilin layin nan sanyi ne da ɗumi. Tulif misali kai gare shi a ƙasa kamar albasa, ana binne shi tun kaka, kuma sai ya sha sanyi na wajen wata uku kafin ya yarda ya yi fure. Itatuwa irin ceri su ma sai sun cika nasu adadin sanyin, daga nan kuma su fara ƙirgen ranakun ɗumi. Shi ya sa in hunturu ya yi sauƙi ko Maris ya zo da zafi lissafin kan goce da mako guda ko biyu.

Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba, lambun da ke tsakiyar birni yakan riga na bayan gari yin fure, saboda kwalta da siminti suna riƙe zafin rana su sake shi da dare, in kuma lambun yana da katanga ta tare iska to ya ƙara samun gaba. Ko cikin lambu ɗaya ma itacen da ke jingine da bangon da rana ke duka yakan riga ɗan'uwansa na inuwa da kwanaki.

Ceri ɗin nan da ake ta zuzutawa, kwana nawa yake yi?

Kaɗan ƙwarai. Daga buɗewar furen farko zuwa cikarsa wajen mako guda, sannan ya yi kamar mako guda a cike, in iska ko ruwan sama mai ƙarfi ya zo kuma ko hakan ba zai kai ba. A Tokyo yawanci ƙarshen Maris ne zuwa farkon Afrilu, yana tafiya daga kudu zuwa arewa, sai wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu yake isa Sapporo. A Japan har hasashensa ake yi a labarai kamar na yanayi. Washington ma haka, tun bishiyoyi sama da 3,000 da birnin Tokyo ya ba su kyauta a 1912.

Ni kaina na taɓa shan wannan. Na ga hoto a Instagram, wani ɗan lambu ya yi fari fat da fure, ban duba ranar da aka ɗora hoton ba, na tashi na shiga jirgin ƙasa na awa biyu da ɗoki na. Ina isa na tarar da ganye kore a sama, furen kuwa yana ƙasa ya jiƙe ya zama ruwan ƙasa-ƙasa ya manne a takalma, wani ma'aikaci yana ta share shi yana tarawa a baro. Ya dube ni da kyamara a wuya ya ce da ka zo ranar Talata. Ranar Asabar ce. Tun daga lokacin kafin in motsa sai na nemo hotunan da aka ɗora jiya ko shekaranjiya daga wurin, ba na bara ba.

Ana biyan kuɗin shiga?

Yawancin na gwamnatin birni kyauta ne, duk waɗanda na ambata a Landan da New York babu ko sisi. Masu karɓar kuɗi su ne tsofaffin lambuna na tarihi da na binciken tsirrai, irin Chelsea Physic Garden na Landan da aka kafa tun 1673 don koyar da masu haɗa magani, ko Hortus na Amsterdam na 1638. Wasu kuma tikitin ta intanet ake saya da lokacin shiga a rubuce, a duba kafin a je.

Dole sai Turai da Amurka ne?

Ina! Wasu daga cikin mafi kyau ma ba can suke ba.

A Marakesh ta Maroko akwai Jardin Majorelle, wajen hekta ɗaya. Mai zane ɗan Faransa Jacques Majorelle ne ya fara shi a 1923, daga baya wurin ya lalace har mai tsara tufafi Yves Saint Laurent da abokinsa Pierre Bergé suka saya a 1980 suka farfaɗo da shi. Shuɗin fentin wurin shi ne abin kallo, da gora da dabino da manyan tsirrai masu ƙaya. Maris da Afrilu ne lokacinsa kafin zafin garin ya tsananta. Sai dai in faɗi gaskiya cunkoso ya yi masa yawa, hanyoyin siraru ne kuma bayan mutum kake bi, don haka a ma'aunina na wurin zama ya faɗi, na kallo ne kawai.

A Suzhou ta Chaina akwai wanda ake kira lambun Gwanin Taru, wajen rabin hekta, yana cikin lambunan birnin da hukumar UNESCO ta sa a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 1997. Shi darasi ne kan yadda ake sa ƙaramin wuri ya yi kamar babba, ba ka taɓa ganinsa duka lokaci guda, ƙofa zagayayya ta nuna maka ɗan yanki, ka bi lungu ka fito bakin tafki, ka waiwaya ka ga inda ka baro ya canza kama.

Istanbul kuma Afrilu watan tulif ne, birnin gaba ɗaya ake shukawa har tsakiyar tituna. Da yawa sun ɗauka furen Holan ne, alhali daga tsakiyar Asiya ya fito, Turkawan daular Usmaniyya suka raine shi, ta hannunsu ya shiga Turai, sai a 1593 masanin tsirrai Carolus Clusius ya kai shi lambun jami'ar Leiden.

In kuma tafiyarka ta faɗo a Satumba ko Oktoba, Company's Garden na tsakiyar Cape Town yana nan, asalinsa gonar kayan lambu ce da wani kamfanin kasuwanci na Holan ya kafa a 1652 don jiragen ruwa masu wucewa. A Oktoban nan ne kuma titunan Pretoria ke rinewa da furen jakaranda.

Akwai wanda ake zuwa don ƙamshi ba don kallo ba?

Lambun lemu na Roma, Giardino degli Aranci, a saman tudun Aventino, an tsara shi a 1932. Lemun mai ɗaci ne, ba na sha ba, kada ka wahalar da kanka. Amma in ya yi fure a bazara ƙamshin tun daga ƙofa yake tarbarka, kuma daga ƙarshen lambun kana hango kubbar cocin St Peter's da ke Vatican. Ga kuma Kordoba ta Sifaniya, a farkon Mayu masu gidaje kan buɗe tsakar gidajensu jama'a su shiga kallo, bango cike da tukwanen fure tun daga ƙasa har sama, UNESCO ta amince da wannan biki a 2012.

Wane lokaci na yini ya fi?

Da safe, da an buɗe ƙofa, ranar aiki. Daga sha biyu zuwa biyu ma'aikatan ofis ne ke cika benci. Yamma ma tana da daɗi don rana na daɗewa, a Landan cikin Mayu sai bayan takwas take faɗuwa, amma a kula, da yawa ana kulle su da faɗuwar rana, a Paris har usur masu gadi ke busawa su kora kowa waje.

Ina fama da atishawa da ƙaiƙayin ido a wannan lokaci, in haƙura kawai?

Ba lallai ba. Abin mamakin shi ne furannin nan masu kyau da launi ba su ne suka fi jawo matsalar ba, don garin da ke cikin furensu mai nauyi ne, ƙudan zuma da sauran ƙwari ke ɗaukarsa. Masu laifin su ne itatuwa da ciyayin da iska ke kwasar garinsu, waɗanda furensu ko ganinsa ba ka yi, a Japan misali itacen sida ne ke wahalar da mutane daga Fabrairu zuwa Afrilu, a Turai kuma ciyawa ce ke karɓa daga wajen Mayu. Bayan an yi ruwa mai ɗan daɗewa iska takan yi sauƙi, ranar busasshiyar iska ce ta fi muni. Tabarau na taimakawa. Mai asma dai ya ga likitansa kafin tafiya, kuma kada ya bar abin shaƙarsa a masauki.

Za a iya zuwa da yara?

Ya danganta. Wanda ke da kifi ko tsuntsu yara na sonsa, kamar Kyoto Garden da ke cikin Holland Park a Landan, na 1991, da manyan kifaye masu launi a tafki da ɗawisu na yawo. Amma irin Begijnhof na Amsterdam, tsakar gida ne da har yanzu mutane ke zaune a ciki, shiru ake so, yaro mai gudu zai sa ka yi ta ba da haƙuri.

In tsinki fure ɗaya tal, wa zai sani?

Haba dai. Wuri ne ƙarami, in kowa ya tsinki ɗaya kafin azahar an gama da shi. A Washington ma laifi ne a doka ka karya reshen ceri ko ka tsinki furensa. Haka girgiza reshe don furen ya zubo a yi bidiyo, wannan ɗabi'a tana ba ni haushi ba kaɗan ba. Ciyawa ma a duba allo kafin a zauna, a Paris sukan rufe ta su ce tana hutu har wajen tsakiyar Afrilu.

Na ga lambu mai kyau amma a kulle, babu mai gadi babu komai. Me ke nan?

Na masu unguwa ne. Gramercy Park a New York haka yake, sai mai mabuɗi, mabuɗin kuma na mazauna gidajen da ke kewaye ne. Landan ma tana da irinsu da yawa, sai dai akwai ƙarshen mako guda a watan Yuni da ake buɗe wasu ga jama'a. Sauran lokaci sai leƙe ta tsakanin ƙarafa.

Wanne ne mafi ƙanƙanta a duniya?

Mill Ends Park na Portland a Amurka ya daɗe da wannan kambu a littafin Guinness tun 1971, da'ira ce mai faɗin kusan santimita 60 a tsakiyar titi, da ɗan itace guda. A 2025 wani ɗan lambu a garin Nagaizumi na Japan ya ƙwace kambun. Na ban dariya ne dai, ba wanda zan ce ka sayi tikiti dominsa ba.

In na sauka birnin da ban sani ba, yaya zan gano irinsu da kaina?

Buɗe Google Maps ka matso da taswirar sosai, ka ƙyale manyan korayen, ka nemi 'yan ɗigon kore da ko suna ba su da shi sai ka ƙara matsowa. Bayan tsofaffin wuraren ibada, tsakar gidan kayan tarihi, harabar jami'a, gefen ɗakin karatu, bakin kogi ƙarƙashin gada, nan suke ɓuya. Square du Vert-Galant na Paris misali a ƙarƙashin gadar Pont Neuf yake, a tsinin tsibirin tsakiyar kogin Seine, dubban mutane na wucewa ta samansa kullum ba su san da matakalar da ke sauka ba, kuma in kogin ya cika ruwa kan shanye shi ɗungurum. Wata dabarar ita ce da misalin sha biyu da rabi ka bi bayan ma'aikacin ofis da ka ga ya fito riƙe da 'yar ledar abincinsa yana tafiya kamar wanda ya san inda za shi.

Me zan saka, me zan riƙe?

Riga kan riga, wadda za ka iya cirewa ka mayar, don da safe sanyi ne mai shiga ƙashi, da rana ka ji kamar ka yar da jaket, da yamma ya dawo. 'Yar lema mai naɗewa. Takalmi mara santsi saboda duwatsun tsofaffin lambuna in sun jiƙe sai a hankali. Sai leda ko tsohuwar jarida ta shimfiɗawa, don bencin katako yakan riƙe ruwan daren jiya har wajen hantsi, kuma ba ka ganewa sai ka riga ka zauna.